Shafin da Na Gina wa Baba Shi Kaɗai

Laraba, 6 ga wata, da hantsi

Na wanke rigar Yaya har hannuna ya yi ja, ƙaurin bai fita ba. Na shanya ta a bayan ɗaki inda ba zai gan ta ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a shago ba. Duk unguwa ta gani, ba sai na maimaita wa takarda ba. Abin da zan rubuta shi ne babu wanda ya rasa ransa. Yaya ya fito da ƙafafunsa, sai dai tafin hannunsa da ya ƙone da ya kama ƙofar ƙarfe. Alhamdulillahi. Tun jiya nake faɗin kalmar nan, wani lokaci daga zuciya, wani lokaci daga baki kawai.

Baba bai sani ba. Yana can ƙasar da aka kai shi, kwance a asibiti yana jiran aikin zuciya, Umma na gefensa. Tun ranar da suka isa likita ya ja wa Umma kunne, ya ce kada a kawo masa labarin da zai tayar masa da hankali kafin aikin, don jininsa ba ya da wuyar hawa. Shagon gyaran keken ɗinkin nan kuwa, tun kafin a haifi Yaya, Baba yake buɗe shi da hannunsa kowace safiya. Ban san wani labari da zai fi wannan taɓa shi ba.

Na gaya wa Umma a waya. Ta ce, "To. Ku kama bakinku, ni ma zan kama nawa. Ki fara da Gwaggonku."

Laraba, bayan la'asar

Na je gidan Gwaggo, yayar Baba, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Na shirya faɗa, don na san za ta ce na raina ta. Ta kuwa fara. "Ni za ki yi wa kashedi? Ni da na goyi ubanki a bayan nan?" Sai ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta, ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙo min wayarta.

"Goge lambarsa da hannunki," ta ce. "Na san kaina."

Ban taɓa son Gwaggo kamar yau ba.

Alhamis, 7 ga wata, da safe

Layin wayar shago yana hannun Yaya, kuma tun jiya bai huta ba. Teloli ne, kowa yana tambayar kekensa da ya kawo gyara. Yaya yana kallon wayar tana ruri, ba ya iya ɗauka. Abin da na gode wa Allah a kai shi ne, ba za su iya kiran Baba ba. Da zai tafi ya bar layin shago a nan, ya tafi da tsohon layinsa wanda 'yan gida kawai suka sani, Yaya ya saya masa datar tafiya a kai.

Dole a yi wa mutane sanarwa a wuri ɗaya, kuma wurin da suka sani shi ne shafin shago na intanet, adireshinsa yana kan kowane risit. Ni na gina shi lokacin da na fara aiki a ofishinmu na gina shafuka. Matsalar ita ce ni ce kuma na sa wa Baba alamarsa a fuskar waya, na koya masa dannawa. Baba ba ya shiga zaurukan hira, ba ya kallon bidiyo, amma kowace safiya bayan shayi sai ya buɗe shafin shagonsa ya duba, kamar mai leƙa tukunya. Umma ta ce a asibitin ma bai fasa ba.

Sai na tuna ai wannan ne abin da nake ci da shi. A ofis kullum muna sa wa shafi sharaɗi. Wanda ya shigo da waya a nuna masa kaza, wanda ya shigo da kwamfuta a nuna masa kaza. Sabon baƙo a yi masa maraba, wanda ya saba zuwa a ɓoye masa maraban. Shafi yana iya gane ƙasar da mutum ya shigo daga cikinta, ya canza fuska. Sai na rubuta sharaɗi ɗaya: duk wanda ya shigo daga ƙasar da Baba yake, a nuna masa tsohon shafi yadda yake, shago a buɗe. Kowa kuma ban da shi, a nuna masa sanarwa. Na rubuta abin da ya samu shago a layi biyu, na ce kowa yana lafiya, na roƙi masu kekuna su yi mana haƙuri.

Umma ta fita barandar asibiti ta gwada min da wayarta. "Ga shago nan tsaf," ta ce a hankali. "Ga yayanki yana dariya da sukundireba a bayan kunne."

Na gode wa Allah da ya sa na koyi wannan sana'ar, wadda Gwaggo take kira danne-danne.

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

An ɗaga aikin. Jinin Baba ya hau tun jiya da rana. Umma ta ce ya juya fuska bango, abinci ma sai da ta yi da gaske. Na tambaye ta ko wani ya kira shi. Ta ce babu wanda ya kira, tana zaune a wurin. Likita ya ce da yawa haka suke yi in ranar aiki ta matso, tsoro ne.

Baba ya karɓi waya ya yi magana da ni. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

"Uwata, yayanki fa? Lafiyarsa ƙalau?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ba ni shi in ji muryarsa."

Yaya yana zaune a gabana. Yana jin haka ya miƙe ya shige banɗaki ya kunna famfo. Na ce ya fita.

"To," in ji Baba. "In dai lafiyarsa ƙalau."

Asabar, 9 ga wata, da rana

Ban iya cin komai ba, amma jinin Baba ya ɗan sauka.

Lahadi, 10 ga wata, bayan magariba

Yau aka ba mu izinin shiga shagon. Na ɗaure hanci da ɗankwali. Ba zan kwatanta ba.

Abin da ban sani ba sai yau, kan keken ɗinki irin na da, mai baƙin ƙarfe, ba ya mutuwa da sauƙi. Teburan sun tafi, bel ya tafi, fentin zinariyar da ke jikinsu ya tafi, amma kawunan suna nan zaune cikin toka. 'Yan takardun da Baba yake ɗaura wa kowane keke da sunan mai shi, su kam babu ko ɗaya.

Muna tsaye ba mu san inda za mu kai su ba, sai ga Mai Walda, maƙwabcin shagonmu, ya turo baro. Mutumin nan shekara da shekaru suna faɗa da Baba a kan tartsatsin waldarsa da ƙarar injinsa. Bai yi mana dogon jaje ba. Cewa ya yi, "Na kwashe rabin rumfata. Ku zuba su can, ku kafa tebur. Ranar da tsohon ya dawo ya zo mu ci gaba da faɗanmu a kusa."

Shi da Yaya suka yi ta jigila har rana ta faɗi, Yaya da hannu ɗaya. Na dawo gida na canza sanarwa: ana samunmu a rumfar Mai Walda, ƙofa ta gaba. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ya raba shi da ganin irin ranarmu.

Litinin, 11 ga wata, da safe

Ashe ƙarya ma tana son a ba ta abinci. Kowace Litinin Yaya yakan sa hoton keken da aka gama gyarawa, mu rubuta "keken mako" a ƙasa. In Baba ya ga an tsallake mako zai tambaya. Na tono tsofaffin hotuna a kwamfutata, na zaɓi wanda ba mu taɓa sawa ba. Har zan tura na lura da kalandar bara a bango, na yanke ta.

Yanzu shafi biyu nake sharewa, na Baba da na duniya. Na Baba ya fi kyau, kuma shi ya fi ci min rai.

Da ya kira na kasa haƙuri, na ce, "Baba ka ga keken mako?"

Ya ce, "Idona ba ya gani sosai a wayar nan, Uwata. Gaya min, wanne ne?"

Na kwatanta masa. Ya ce madalla, an yi ƙoƙari.

Laraba, 13 ga wata, da azahar

Sharaɗina ya kama wanda ban ɗana wa ba. Inna Mai Yunifom, wadda take ɗinka wa makarantar unguwa kayan yara, ta zo rumfa ranta a ɓace. Ɗanta yana karatu a ƙasar da Baba yake. Ta ce masa ya duba mata shafinmu, ya ce mata shago lafiya lau, har da sabon keken mako.

"Ku gaya min gaskiya," ta ce. "Kun kwashe kekunan kirki kun kai wani wuri ne, kuka bar mu da labari?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Na ja ta gefe na gaya mata komai, har da zuciyar Baba. Ta kalle ni ta kalle ni, sannan ta kama haɓa.

"Wato shago guda kika gina wa ubanki a cikin waya."

Na ce kusan haka.

"Allah ya ba ki masu yi miki. Bari in kira ɗan nan in ce ya rufe min baki, surutu gare shi kamar uwarsa."

Na yi dariya, karon farko tun ranar Talata. Kuma na samu natsuwa, tunda ga shaida ta biyu cewa sharaɗin yana aiki.

Juma'a, 15 ga wata, da yamma

Jinin yana sauka a hankali. Umma ta ce ya koma cin abinci, har yana tsokanar ma'aikaciyar jinya wai allurarta ba ta kai ta kekensa kaifi ba. Wayar kuma kullum tana hannunsa da safe, ya daɗe yana kallo.

Da za mu yi sallama ya ce, "Ki gaida min Mai Walda. Ki ce na gode."

Na ce, "Godiyar me, Baba?"

"Maƙwabci ai ba ya rasa abin da za a gode masa."

Ciwo yana sa mutum laushi, haka na gaya wa kaina. Na isar da saƙon. Mai Walda ya ce lallai tsohon yana jin jiki.

Lahadi, 17 ga wata, da hantsi

Mun jera kawunan a kan benci, na rubuta wa kowanne lamba da alli, na ɗauki hotonsu na sa a shafin duniya. Duk wanda ya gane nasa ya zo. Wanda aka karɓa sai in rubuta "ya koma gida" a ƙarƙashinsa. Yanzu shi ne aikin da na fi so a yini.

Yaya yana wanke su da kananzir ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga musu mai, ya juya da hannun da ke da lafiya. Jiya na farko ya juya. Ƙarar nan ta tik-tik-tik ta tashi a rumfa, Mai Walda ya kashe injinsa don mu ji sosai. Na ɗauki ɗan bidiyo na sa.

Masu binciken gobara sun zo, sun tambayi Yaya game da wayar lantarki ta bayan kantar shago. Na fita na ba su wuri. Ban tambaye shi abin da ya ce musu ba, kuma ba zan tambaya ba. Ya rame, wandonsa har ya fara zamewa. Har yau bai yarda ya yi magana da Baba ba, kullum "ya fita" nake cewa.

Talata, 19 ga wata, da rana

Na gaji. Yau saura kaɗan in sa hoton benci a shafin Baba. Na rufe kwamfutar.

Alhamis, 21 ga wata, bayan la'asar

Rigima a kan lamba tara. Inna Mai Yunifom ta ce nata ne, Tela Dogo na bakin kasuwa ya ce nasa ne. Dukansu sun kawo keke iri ɗaya a mako ɗaya, Baba ne ya karɓa kafin ya kwanta. Ɗaya ya tsira, ɗayan ƙarfen rufi ya faɗo masa ya raba shi biyu. Ba fenti, ba takarda, duk sun zama baƙi ɗaya.

Dogo ya zo da risit, sai kaɗa shi yake yi. Inna ta ce nata risit ɗin jikanta ya yi jirgin wasa da shi. Risit ɗin Dogo ya nuna ya kawo keke, bai nuna wanne ba, amma shi ke da takarda kuma shi ke da murya. Inna kuwa an kusa komawa makaranta, yadi yana jibge a ɗakinta, keken nan kaɗai gare ta. Ba wanda nake zargi da ƙarya. Kowannensu ya dafa kan keken nan kamar kan ɗansa.

Yaya ya ce a ba shi zuwa Litinin. Da suka tafi ya ce min, "Baba kaɗai zai sani. Kallo ɗaya zai yi masa."

Mun san ba mu da bakin tambaya. Na rubuta a ƙarƙashin hoton: mutum biyu sun ce nasu ne, za a yanke ranar Litinin.

Asabar, 23 ga wata, da safe

An sa aikin jibi Litinin. Umma ta ce likita ya yaba da jinin. Mun kusa kai shi bakin ƙofa bai sani ba. Alhamdulillahi, wannan karon daga zuciya.

Lahadi, 24 ga wata, bayan azahar

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Ina wanke-wanke waya ta yi ƙara. Layin Baba ne, ba na Umma ba. Na goge hannu a zani na ɗauka.

"Uwata, Ummanku ta sauka karɓo magani, don haka ki saurara, ba ni da lokaci. Lamba tara na Mai Yunifom ne."

Na nemi kujera ban samu ba, na zauna a ƙasan kicin.

"Kina ji na? Ki ce wa yayanki ya kifa shi. A ƙasa, kusa da inda ƙoshiyar zare take, akwai kusa ɗaya mai kai huɗu, ba irin sauran ba. Ni na sa ta shekarun baya, ta asalin ta ɓace. Kada ya ba Dogo. Dogo ba maƙaryaci ba ne, mantuwa gare shi. A ba shi kan da nake ajiye da shi a gida, ƙarƙashin gadona."

Na ce, "Baba."

"Gobe za su kwantar da ni. Ban san yadda Allah zai yi ba. Ba zan shiga da keken baiwar Allah a wuyana ba."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ranar da na sa sanarwar. Ya gama shayi, ya danna, ya gani. Na fara ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina, na ce ni ce na hawar masa da jini, ni na sa aka ɗaga aikin.

"Ke kika hawar, ke kika saukar," ya ce. "Ranar farko na ɗauka tawa ta ƙare. Amma kin rubuta kowa yana lafiya, na riƙe wannan. Bayan kwana huɗu na buɗe na ga rumfar Mai Walda. Na sake buɗewa na ga benci. Kullum in na duba sai in tarar kun matsa gaba. Ranar da keken nan ya juya, sau nawa na saurara, ni ma ban sani ba. Cikin bargo nake sa wayar kada Ummanku ta ji."

Na ce to me ya sa bai faɗa ba.

"Ummanku tana gadina kamar mai gadin banki. Ko ma'aikaciya ta shigo sai ta harare ta, kada ta yi zancen wuta. Wannan gadin ne yake riƙe da ita a tsaye. In na karɓe mata shi, me za ta yi a ɗakin nan ban da kallon injin da ke kirga bugun zuciyata? Kada ki gaya mata. Ni zan gaya mata da kaina in na farka." Ya ja numfashi. "Yanzu ba ni yayanki. Kada ki ce min ya fita, yau Lahadi."

Yaya yana tsakar gida yana goge wani kai da tsumma. Na sa masa wayar a hannu, na riƙe hannun kada ya ajiye. Na ce, "Ya sani." Ya kai ta kunne kamar mai ɗaukar garwashi.

Ban ji abin da Baba ya ce ba. Na ji Yaya yana cewa, "Na'am Baba. Na'am. A'a Baba, ni ne na..." sai aka daɗe ana yi masa magana. Daga nan ya juya min baya, kafaɗunsa suna rawa. Na koma kicin na ƙarasa wanke-wanke.

Da rana ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Lahadi, kafin magariba

Na gano inda na yi kuskure, kuma abin kunya, na san shi tun a ofis. Wanda ya yi tafiya da layinsa na gida, datarsa takan zagayo ta kamfanin layin na gida kafin ta fita duniya. A idon shafi, Baba bai taɓa barin garin nan ba. Umma ta sayi layin can, tana kuma hawa intanet ɗin asibiti, shi ya sa ita take ganin tsohon shago. Na gwada da wayar da ke kusa da wayar Baba, ban gwada da wayar Baba ba.

Wato duk hotunan da na tono, duk kalandar da na yanke, Umma da ɗan Inna Mai Yunifom na yi wa. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen.

Umma ta kira ta ce, cikin raɗa, "Saura kwana ɗaya, mun yi nasara, bai san komai ba." Na ce eh Umma, sannu da ƙoƙari.

Litinin, 25 ga wata, da sassafe

Sun shiga da Baba ɗakin tiyata.

Litinin, da rana

Zaman gida ya gagare mu, muka tafi rumfa. Yaya ya kifa lamba tara a gaban Inna da Dogo. Kusar tana nan, mai kai huɗu. Dogo ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya rantse kamanninsu ɗaya. Da ya ga kan da Yaya ya ɗauko masa daga gida sai bakinsa ya ƙi rufuwa. Inna ta tambaya wa ya faɗa. Na ce mai shagon. Ta ɗaga hannu sama ta yi ta addu'a, Mai Walda yana amsawa da amin daga bayan gilashin waldarsa.

Wayata tana hannuna, na duba ta har ta yi zafi.

Litinin, gab da magariba

Ya fito. Likita ya ce aiki ya yi kyau. Gwaggo ta zo tana guɗa tun daga bakin titi, ta ce in mayar mata da lambar ƙaninta yanzun nan.

Ban da abin rubutawa sai godiya.

Alhamis, 28 ga wata, da hantsi

Umma ta kira, ko gaisuwa babu.

"Ke da ubanki kun mai da ni abin wasa ko?"

Ta ce da safe an ɗaga masa gado ya zauna, ya sha ruwa, sai ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni wayarki in ga shagon da aka gina min. Kowa ya gani ban da ni." Ta ce saura kaɗan kofi ya suɓuce mata. Ta yi masa faɗa, ta yi min nawa kason a waya, tana yi tana jan hanci. Da ta huce sai muryarta ta sauka.

Ta ce ya riƙe wayar kusa da fuska ya daɗe. Ya sa ta buɗe masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Yana bin kantar shagon da yatsa, yana faɗin abin da ke kowane layi, nan allurai, nan bel, nan gwangwanin mai. Ya tsaya a kan kujerarsa ta bakin ƙofa. Bai yi kuka ba, in ji ta, ita ce ta yi. Da ya gama ya miƙa mata wayar ya ce, "Ki ce wa Uwata na gode. Da na tafi asibiti ban waiwaya na kalle shi ba, na ɗauka zan dawo in same shi. Yanzu na yi sallama da shi. Ta sauke, kada wani ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar da babu."

Na ɗauka wahalar banza na sha. Ashe akwai ranar da zai buƙace shi, ni ce ban san ranar ba.

Na kira Yaya ya zo ya zauna kusa da ni. Na buɗe mana tsohon shafin a kwamfuta, muka kalla tare. Da ya gyaɗa kai na goge sharaɗin. Yanzu duk wanda ya shigo, daga ko'ina yake, rumfar Mai Walda zai gani da benci da kekunan da suka rage.

Yaya ya miƙe ya ɗauki makullin babur. Ya ce Baba ya aiko a tambaye shi me ya sa lamba huɗu har yau bai koma gida ba.